Waƙoƙina Sun Fara Kama da Juna, Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata bakwai ina waƙa a Kano, da ita nake ciyar da iyalina. Yawanci waƙar biki nake yi, jifa-jifa kuma ta 'yan siyasa. Kwanan baya wata hajiya da na yi wa 'yarta waƙar aure ta ce min, "Ai wannan ita ce ka yi wa 'yar maƙwabciyata, suna kawai ka canza." Maganar ta tsaya min a rai, domin gaskiya ta faɗa. Yaya zan yi in gyara rubutuna alhali kullum aiki na jirana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hajiyar nan ta yi maka alheri, domin da yawa ba za su faɗa maka ba, sai dai ka ji shiru an daina kiranka.

Ina zaton na san yadda aikin naka yake tafiya. An turo maka sunan amarya da na ango ta waya, ka shiga sutudiyo, mai haɗa kiɗa ya kunna maka kiɗan da ya riga ya shirya, lokacin da ka biya yana tafiya, kai kuma kana cusa kalmomi a cikin kiɗan. Duk wanda ke rubutu a wannan hali, abin da ya fi kusa da bakinsa zai ɗauko: amarya kyakkyawa, ango ɗan gata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ba rashin basira ba ne. Ka je wurin hannu rabbana ne, ba ka da abin faɗa a kan mutanen.

Don haka aikin yana farawa tun kafin sutudiyo. Ka roƙi minti goma sha biyar da gwaggon amarya ko ƙanwar mahaifiyarta. Wane suna ake kiranta da shi a gida? Wa ya riƙe ta? Kakanta marini ne, ko maƙeri, ko malamin allo? Wace unguwa ce tushensu? Idan aka ce maka a hannun kakarta ta tashi a Fagge, kuma tsohuwar ba ta jima da rasuwa ba, ka samu baitin da zai sa uwar amarya ta share hawaye da gefen mayafinta a tsakiyar fili. Wannan baitin ba zai taɓa shiga waƙar 'yar maƙwabciya ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da haka suka yi fice: sun san asalin ubangidansu, da kakanninsa, da kirarin gidansu, kuma sukan zauna da 'yan amshinsu su shirya waƙa kafin su kai ta fada. Mutane kan kafa hujja da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, cewa nan take yake ƙirar waƙa. Haka ne, amma rumbun da yake ɗiba daga ciki ya cika ne da yawon duniya da zama da mutane iri-iri.

Sai abin da na fi so ka riƙe, wato kari, ma'aunin da gaɓoɓin waƙa ke tafiya a kansa. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da gaɓa sassauƙa, kuma tana da hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana. Ɗauki kalmar gari. Idan ka taƙaita gaɓar farko, wurin zaman jama'a kake nufi. Idan kiɗa ya tilasta maka ka ja ta, ka koma maganar garin tuwo. Haka fara take: ta launi daban, ta soma abu daban, wadda ake soyawa da yaji daban. Na sha jin waƙar da muryar mai ita ke da daɗi, kiɗan ma ba laifi, amma kunne yana ƙin ta, kuma dalilin ke nan: an lanƙwasa kalmomi don su shiga kiɗan da ba nasu ba. Na'urar gyaran murya ba ta gyara wannan. Maganinsa shi ne ka karanta baitinka da ƙarfi kamar kana zance, kana buga cinyarka, ba kiɗa. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, kalmar ce ba ta zauna ba, sauya ta. Bayan haka ka naɗi amshin a wayarka da muryarka zalla, ka kai wa mai haɗa kiɗa ya bi ka, maimakon kai ka bi shi.

Amsa-amo kuma, wato ƙare layukan waƙa da sauti iri ɗaya, tarko ne ga mai gaggawa. Duk ɗangon da ka ƙare da "na" ko "ta" yana zuwa da sauƙi, shi ya sa zuciyata da rayuwata suka cika waƙoƙi har suka daina taɓa kowa. Ka ɗora wa kanka horon marubuta waƙa: ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango (layi) biyar, huɗu na farko su ƙare da sauti ɗaya, na biyar ya riƙe babban amsa-amon da zai ratsa waƙar duka. Baiti ɗaya a rana ya isa, ba na sayarwa ba. Zaɓi sautin da zai wahalar da kai, sai ka ga kana tono kalmomin da ka manta ka sani.

Ka kuma ajiye ƙaramin littafi a aljihu. Habaicin da mai sayar da abinci ta yi wa yaron shagonta, zambon da 'yan kamasho ke yi wa juna a tasha, karin maganar da ya fito daga bakin tsohuwa a gidan suna, rubuta su nan take da yadda aka faɗe su.

Game da matsin lokaci, ka sanar da masu ba ka aiki cewa kwana uku kake buƙata: ranar tambaya, ranar rubutu, ranar sutudiyo. Kafin ka shiga ɗauka, rera amshin sau biyu a gaban yaran gidanku ka tafi harkarka. Idan da yamma ka dawo ka ji ɗaya daga cikinsu yana rerawa a tsakar gida, je ka ɗauka. Idan ba ka ji ba, koma ka sake amshin.