Amsa kan launin Tiger I da batun tsatsa

Ɗan'uwa, ka tambayi launin da ya dace da ƙaramin samfurin Tiger I, tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, mai ma'aunin 1/35 (wato kashi ɗaya cikin 35 na tsawon tankar gaske) da ka harhaɗa, da kuma yawan tsatsar da za ka sa masa.

Launin ya danganta ne da shekarar da kake son nunawa. Tankokin Jamus na farkon yaƙin fentinsu ruwan toka ne mai duhu, amma daga Fabrairun 1943 aka koma ga rawaya mai duhu, sannan sojojin da ke cikin tankar su ƙara kore da ja-ja mai kama da ƙasa da kansu a fagen fama, wanda ya sa da wuya ka ga tankoki biyu masu zane iri ɗaya. Saboda haka kada rashin daidaiton layukanka ya dame ka.

A kan tsatsa kuwa, ina ganin yawancinmu masu harhaɗa irin waɗannan samfura muna wuce gona da iri. Waɗannan tankoki ba su daɗe a bakin aiki ba, ƙura da taɓo ne suka fi kama su. Ka taƙaita tsatsar ga salansa da sarƙar ƙafa. Don nuna inda fenti ya ɓare, ka tsoma guntun soso a fenti mai duhu, ka goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka dangwala a bakin murfin shiga da wuraren da takalma ke takawa. Gefen ƙarfen kuma ka goga masa bakin fensir a hankali, zai yi ƙyalli kaɗan.