Durowa ta cika amma kullum ana cewa babu na sawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Yarana huɗu, babbar shekararta 11 autan kuma 3, ni da maigida kusan duk wata sai mun sayi sabon kaya saboda masu arha muke ɗauka, amma wanki biyu uku sai kiga riga ta koɗe ko wuya ya saki ko ɗinki ya warware, durowa ta cika har ba ta rufuwa amma in za a fita kowa sai ya ce ba shi da na sawa. Rannan kuma na ji ana cewa wai yawan sayen kayan nan har muhalli yake ɓatawa, abin ya tsaya min a rai. Ya zan yi in gyara ba tare da na takura yaran ba? Daga Maman yara huɗu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya miki su. Abin da kika ji gaskiya ne. Fiye da rabin zaren da ake saƙawa a duniya yanzu foliyesta ne, wato roba ce da ake samu daga man fetur, dangin robar gorar ruwa, duk wanki tana zubar da ƙananan zarurruka da ido ba ya gani su bi ruwa su tafi, in an jefar da ita kuma ba ta ruɓewa kamar auduga. Ita ma audugar ba kyauta take zuwa ba, an ƙiyasta riga ɗaya mai gajeren hannu tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago, kuma noman auduga ne ya sa tun shekarun 1960 aka karkatar da kogunan da ke shiga tekun Aral tsakanin Uzbekistan da Kazakhstan har yawancinsa ya ƙafe. A 2017 gidauniyar Ellen MacArthur, wata ƙungiya a Birtaniya mai aikin rage ɓarnar kaya, ta ce abin da ake sake sarrafawa daga tsohon tufa ya koma sabon tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Arhar nan kuma wasu ne ke biyanta da jikinsu, a Afrilun 2013 ginin Rana Plaza a Bangaladesh ya rufta kan masu ɗinki, sama da mutum 1,100 suka rasu yawancinsu mata. Wallahi duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To amma fa kada ki ce za ki kwashe abin da kike da shi ki zubar ki sayo "masu kyau", wannan ƙara ɓarna ce. Ki ware yini guda ki fito da komai tsakar ɗaki, na kowane yaro daban, ki ƙirga. Za ki tarar ɗaya yana da riguna goma sha wani abu amma wandon da ya yi masa daidai biyu ne kawai, kinga ai dole ya ce ba shi da na sawa. Abin da ya yi ƙaranci ɗin nan shi kaɗai za ki rubuta a takarda ki tafi da shi kasuwa, in ba ya cikin takardar ki bar shi ya kwana biyu a ranki tukuna.

Kuma ki daina kallon kuɗin riga, ki kalli sau nawa za a sa ta. Wadda ta ninka kuɗi amma aka sa ta sau hamsin ƙanwa ma ta gada ta fi arha nesa ba kusa ba a kan wadda ta mutu a wanki na uku. Kafin ki biya ki juya ta ciki ki ja ɗinkin a hankali, in kin ga haske ta tsakani ki ajiye, ki ɗaga yadin sama ki ga kaurinsa, ki karanta 'yar takardar da ke wuya ko gefe. In yadi ne za ki kai wa tela, ki ciro zare kaɗan ki ƙona a gida, auduga tana zama toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ki ce wa telan ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da bakin riga, in yaro ya ƙara tsawo sai a sake.

Gwanjo ma ba abin kunya ba ne, musamman na autan da cikin wata shida yake fin ƙarfin kaya.

Wanki ma yana cinye kaya sosai, wannan mutane da yawa ba sa lura. Ki riƙa juya su kafin ki jiƙa, ruwan sanyi, omo daidai misali, masu launi ki shanya a inuwa, bilic kuma sai in ya zama dole. Maɓalli in ya fara lilo ki ɗinke a ranar, kuma babbar taki mai shekara 11 ta isa ki ba ta allura da zare ta fara koyo da nata kayan.