Me zai hana abokan gaba su riƙa girma tare da ɗan wasa?

Yarona, ka ce tunda a wasan bidiyo na buɗaɗɗiyar duniya ɗan wasa yana iya nufar gabas ko yamma yadda ya ga dama, me zai hana mu ɗaure ƙarfin abokan gaba da matakinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin da ya kai, kowa ya huta? An riga an gwada, kuma ba ta yi daɗi ba.

Kamfanin Bethesda ya yi haka a Oblivion a 2006. Duk matakin da ka hau, duniya ta hau tare da kai, har ka ci karo da ɗan fashin bakin hanya sanye da sulken da ya fi duk abin da zai ƙwata tsada. Mutum ya shafe awa 40 yana wasa, amma faɗa na nan jiya i yau, bai ji ya ƙaru da komai ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai hawa mataki da ciniki ko haɗa magani: maƙiyansa sun yi ƙarfi, hannunsa kuwa bai iya takobi ba.

A Skyrim, 2011, sai suka gyara. Ana yanka wa wuri mataki mafi ƙanƙanta, wani wurin har da mafi girma, kuma ranar da ka fara shiga ake kulle matakin maƙiyan wurin. Ka ɗauka kogonka daga 6 ne zuwa 20. Wanda ya shigo yana mataki na 3 zai tarar da 6, ya ji jiki. Mai 12 zai tarar da daidai shi. Mai 35 zai tarar da 20, ya share su kamar yana shara, kuma wannan daɗin haƙƙinsa ne, kada ka hana shi. Kullewar ma tana da amfani: wanda aka koro yau zai iya tafiya ya yi shiri, ya dawo ya rama.

Sannan ka bar wasu wurare da haɗarinsu, ba ruwansu da matakin kowa. A Fallout: New Vegas na 2010, gajeriyar hanya daga Goodsprings, ƙauyen da ake fara wasan, zuwa birnin New Vegas ta bi ta kusa da Quarry Junction, inda dodanni ke yaga sabon shiga nan take. Elden Ring na 2022 ya ajiye mahayin doki mai sulken zinariya a gaban ɗan wasa da fitowarsa fili. Sharaɗi biyu ne a nan: a ga alamar haɗari tun daga nesa, kuma a sami hanyar kaucewa. In babu su, mugunta ka shirya.

To, ga awo. Daina kallon yawan jinin maƙiyi, wato lambar da in ta ƙare ya mutu, ƙirga sara nawa ke kai shi ƙasa. Jini 100, takobi mai cin 25, sara 4 ke nan. Ƙaramin maƙiyi na daidai matakinka ya faɗi tsakanin sara 3 zuwa 5, kai kuma ka iya jure nasa fiye da haka. Duk sabon makamin da ka saka, sake wannan lissafi, domin takobi ɗaya da aka tsinta da wuri yana iya rusa yanki guda.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata matakin "mai wuya". In ka zaɓi wahala mafi tsanani a Skyrim, saranka yana cin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba ci, nasu kuma ya ninka sau 3. Sara 4 ya koma 16. Gajiya ce kawai, kamar mai faskare da dakusasshen gatari. Ni na fi son a taɓa halin maƙiyi: ya riƙa karewa, ya zagayo ta baya, maharbi ya hau tudu, a rage maganin da ake tsinta a hanya.

Kafin ka taɓa wata lamba, gina 'yan wasa uku a mataki na 10: mayaƙi zalla, mai sihiri, da wanda ya zuba makinsa a ciniki. Bi da kowanne ta kogo ɗaya, ka rubuta inda ya mutu da sau nawa. In ɗan kasuwar ya kasa wuce ƙofa, ba shi mafita: hayar ɗan rakiya, ko mai gadin da ake iya saye da kuɗi. Kawo min takardar gobe da safe mu duba.