Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Nawa Za a Ba Kowanne?

Filin Tambaya da Amsa kan Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, SSD ɗinta 256 GB, RAM 8 GB, kuma Windows 11 ke kai. Malaminmu ya ce kowa ya ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, saboda wani kwas, ni kuma ba na son rabuwa da Windows. In raba faifan gida biyu ne, kowa ya samu 128?
Ɗalibi, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka raba shi kamar gadon 'yan'uwa maza biyu, domin cin Windows da na Ubuntu ba ɗaya ba ne.

Da farko ma, 256 ɗin babu ita. Buɗe Disk Management ka duba, kusan 238 za ka gani. Ba cutar ka aka yi ba: masu ƙera faifai suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuwa da 1024. Daga cikin 238 ɗin akwai wasu ƙananan ɓangarori da Windows ta yanka wa kanta: na EFI, wanda kwamfuta ke fara karantawa in an kunna ta, yawanci 100 MB ne ko 260 MB, na MSR mai 16 MB wanda ba ya ma bayyana a wurin, sai na gyara, mai suna Recovery, da kan kai wajen 1 GB. Waɗannan ba naka ba ne, kada ka taɓa su. Abin rabon dai kusan 237 GB ne.

Microsoft ta ce 64 GB ya isa a ɗora Windows 11. Ya isa a ɗora, amma bai isa a yi aiki ba. Ita kanta takan cinye 25 zuwa 30 tun ba ka sa komai ba. Tana ware kusan 7 GB don sabuntawa. Fayil ɗin hiberfil.sys, inda Windows ke adana abin da ke cikin RAM in za ta yi dogon barci, yana ɗaukar kusan kashi 40 cikin 100 na RAM, ga pagefile.sys, mai tallafa wa RAM in ya cika, a gefe. Babbar matsalar tana zuwa ne ranar babbar sabuntawa ta shekara: in ta sake shimfiɗa tsarin, sai ta ajiye tsohon a Windows.old har kwana 10, kuma wannan kaɗai zai iya haura 20 GB. In wuri ya ƙare a tsakiyar aikin, sabuntawar ta ƙi, datar da ka ƙona wajen saukewa ta tafi a banza. Shi ya sa ba ma ba da shawarar ƙasa da 120 GB ga Windows, ko da Office da burauza kaɗai za ka sa.

Ubuntu 24.04 kuwa 25 GB take nema, kuma sabuwa ba ta kai hakan. Sai dai kayan karatunku suna da nauyi. Android Studio da Docker kaɗai sun isa su cinye 30 GB kafin zangon karatu ya ƙare, manhajojin snap kuma suna ajiye tsohon zubi tare da sabo. Ba ta 80 GB, ka bar wa Windows sauran, wato wajen 157.

Wannan 80 ɗin ka bar shi dunƙule, ɓangare ɗaya, tsarin ext4 na Linux, a matsayin /, wato tushen da komai ke zama a ƙarƙashinsa. Za ka ji wasu na cewa a ware /home, ma'ajiyar fayilolinka, daban, da /boot, da /var. A kan saba ko faifai mai girma akwai hujja. A 80 GB kuwa, ƙarshenta / ya cika ya hana ka sa manhaja alhali /home na zaune da 35 GB ba mai amfani da shi.

Ga yadda za ka bi. Kwafe duk abin da kake ji da shi zuwa wani faifan na waje. Duba ko BitLocker, mai kulle faifai da mabuɗin sirri, na kunne, domin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. In yana kunne, rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, sannan ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa, don manhajar ɗora Ubuntu ba za ta zauna kusa da faifai kulle ba. Kashe Fast Startup, mai sa Windows saurin tashi ba tare da ta saki faifai ba, a Power Options. Daga nan danna madannin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, danna C: da maɓallin dama, zaɓi Shrink Volume, ka rubuta 81920. Da megabait ake rubutawa, 80 sau 1024 ke nan. Wanda ya rubuta 80 zai samu ɗan guntun da ko hoto ashirin ba zai ɗauka ba. Wurin da ya fita ka bar shi baƙi yadda yake, kada ka yi masa fomat. Ka tada kwamfutar daga filasha a yanayin UEFI, ka zaɓi ɗora Ubuntu kusa da Windows. In da hannu za ka tsara, nuna wa manhajar ɗorawar ɓangaren EFI da ke nan a matsayin /boot/efi, kuma ka tabbata ba ka yi alamar fomat a kansa ba. Goge shi na nufin Windows ba za ta tashi ba.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. C: ɗina yana da 150 GB a sarari, amma da na zo ragewa sai Windows ta ce 31 GB kawai za ta iya bayarwa. Faifan ne ya lalace?
Mai gyaran waya, daga Maraɗi

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, Malam. Windows daga ƙarshen ɓangare take yankowa, kuma tana tsayawa ne a fayil na farko da ba ta iya gusarwa yayin da take aiki. Uku ne suka fi yin haka: hiberfil.sys, pagefile.sys, da ajiyar System Restore.

Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off. Wannan zai cire na farko, ya kashe Fast Startup tare. A Advanced system settings, ƙarƙashin Virtual memory, zaɓi No paging file. Kashe System Protection na C:, amma ka sani tsofaffin wuraren komawa za su tafi. Sake kunna kwamfutar ka gwada. In har yanzu ta ƙi, Event Viewer zai faɗa maka mai laifin: a Application nemi lamba 259, sunan fayil ɗin na ciki. Da ka gama, mayar da pagefile da System Protection yadda suke.

In duk bai yi ba, sai GParted, manhajar raba faifai, daga filashar Linux, bayan ka gudanar da chkdsk C: /f. Anan akwai gargaɗi. Jawo bakin dama na ɓangare ba ya daɗewa, amma matsar da bakin hagu yana nufin a kwashe duk bayanan a sake jera su, kuma a had-disk mai juyawa abin na iya ɗaukar sa'o'i. Aka ɗauke wuta a tsakiya, ga batirin kwamfutar hannu da ba ya riƙe minti ashirin, to ɓangaren ya tafi da abin da ke ciki. Kada ka fara sai da cikakken batiri mai lafiya, ko inbata, ko janareta mai isasshen mai.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da haɗa bidiyon biki. Kwamfutata tsohuwa ce, SSD 512 GB, Windows 10, kuma an ce ba za ta ɗauki 11 ba. Ina so in koyi Linux Mint a hankali, amma ayyukan kwastomomi su riƙa buɗuwa ta kowane ɓangare. Yaya zan yi?
Wata 'yar kasuwa, daga Kano

Amsa: Hajiya, shawarar ta yi, tunda Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Ke gida uku za ki raba. Cikin 476 GB da za ki gani, ba Windows 150, Mint 90, ragowar wajen 235 kuma ya zama ma'ajiyar aiki ta haɗaka. Mint ta samu ɗan ƙari ne saboda Timeshift, wanda ke ajiye hoton tsarin don a koma in abu ya ɓaci. Rage hotunan da yake ajiyewa zuwa biyu ko uku, in ba haka ba shi zai cika wurin.

Ma'ajiyar haɗakar ki yi ta da NTFS. Windows ba ta karanta ext4 da kanta, Linux kuwa tana karanta NTFS ta kuma rubuta. FAT32 ba zai yi miki ba, don ba ya karɓar fayil da ya wuce 4 GB, bidiyon kamu ɗaya ma zai iya haura haka. Sharaɗi biyu: kada a ɗora /home a kan NTFS, saboda bai san tsarin izinin Linux ba, kuma Fast Startup ya zauna a kashe, in ba haka ba Mint za ta buɗe miki fayil ta hana ki adanawa, don Windows ba ta saki faifan ba.

Tunda kwamfutar tsohuwa ce, duba ko tsarin rabon faifan MBR ne ko GPT, a Properties na faifan, shafin Volumes. MBR manyan ɓangarori huɗu kaɗai yake yarda da su, kuma wasu kamfanonin sukan cike huɗun tun daga masana'anta. In haka ne, dole ɗaya ya koma Extended a zuba sauran a cikinsa. Wannan aikin a kai wa wanda ya saba, bayan an kwafe komai.

Tambaya: Gaskiya ne swap dole ya ninka RAM sau biyu? Kuma me ya sa agogon Windows ke komawa baya da awa ɗaya duk na fito daga Ubuntu?
Mai karatu, daga Jos

Amsa: Swap wuri ne a kan faifai da Linux ke amfani da shi in RAM ya cika. Wancan lissafin na zamanin da RAM ke megabait ne. Tun 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil maimakon ɓangare, kuma 2 zuwa 4 GB ya wadatar da mai RAM 8 GB. Sai in kana son kwamfutar ta riƙa yin dogon barci, ta mutu gaba ɗaya ta dawo inda ka tsaya. Nan kam swap ya kai girman RAM ko ya ɗan fi.

Agogo kuwa, Ubuntu tana saita agogon cikin na'ura a kan UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, Windows kuma tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gida. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, shi ne giɓin da kake gani. A Ubuntu buɗe Terminal ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka shiga Windows ka gyara lokacin sau ɗaya.