Kaji da lambu a gida ɗaya, zai yiwu?

Malama, kin ce kina da kaji takwas kuma kina son shuka alayyahu da tumatir a bayan ɗaki, ko za su zauna lafiya. Za su zauna, amma sai da shinge. Kaza ba ta raga wa shuka ƙarama, rana guda ta isa ta tone miki fangali duka. Ki yi danga da karan dawa, ki matse ƙasan sosai, don ta nan 'yan tsaki ke kutsawa. Zabi kam tashi suke yi, sai an rage musu gashin fiffike ɗaya.

Abin da na fi so ki kula da shi kashinsu ne. Taki ne mai ƙarfi ƙwarai, amma ɗanyensa yana ƙone saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, balle ga latas da ake ci ɗanye. Ki tara shi da buntun shinkafa ko busasshen ganye, kina yayyafa ruwa kina juyawa, ya yi kamar wata uku kafin ki zuba.

Bayan kin cire amfani, buɗe musu ƙofa su shiga su tsince tsutsa da gara. Ragowar ganyen ma nasu ne.