Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Harafin Ƙ Yake Rikiɗewa a Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a gida, har na rubuta ɗan shirin da zai ƙirga kalmomin wani labarin Hausa da na adana da Notepad, manhajar rubutu ta Windows. Amma duk inda na rubuta "ƙasa" sai ya fito "Æ™asa", wani lokaci ma shirin ya tsaya cak. Shin kwamfutar ce ta samu matsala? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma labarinka yana nan yadda ka rubuta shi. Saɓani ne kawai aka samu tsakanin mai rubutawa da mai karantawa.

Kwamfuta ba ta adana harafi, lamba take adanawa. Tun daga 2019 Notepad yake adana rubutu da tsarin UTF-8, wanda a cikinsa haruffa irin su a da k suke cin gurbin bayit ɗaya (bayit ɗan gurbi ne da kwamfuta take ajiye lamba a ciki), masu ƙugiya kuwa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowannensu bayit biyu yake ci. Lambobin ƙ, a yadda masana kwamfuta suke rubuta su, su ne C6 da 99. Shi kuma Python a kan Windows, idan ba a gaya masa tsarin da zai bi ba, yakan ɗauko tsohon jadawalin cp1252, wanda aka tsara domin harsunan Yammacin Turai, babu ko harafi ɗaya mai ƙugiya a cikinsa. Saboda haka sai ya raba tagwayen, ya karanta C6 a matsayin Æ, ya karanta 99 a matsayin ™.

Tsayawar da shirin yake yi kuwa, ina kyautata zaton babban Ɓ ne ya jawo ta, domin bayit ɗinsa na biyu 81 ne, kuma wannan gurbi fanko ne a cp1252. Ka duba labarin, da wuya ka rasa jimlar da ta fara da kalma irin "Ɓarawo".

Maganin bai wuce ƙari ɗaya ba a layin da kake buɗe fayil: open("labari.txt", encoding="utf-8"). Ka yi haka wajen karantawa, ka kuma yi wajen rubutawa, kuma kada ka kuskura ka adana gurɓataccen rubutun a kan na asali, domin gyaransa daga baya yana da cin rai.

Ban ba ka shawarar cire ƙugiyoyin don neman sauƙi ba, ko da yake na ga masu yin haka, saboda shirinka zai haɗa "ƙafa" da "kafa" ya ƙirga su a matsayin kalma guda. Ka kuma lura da 'y da muke rubutawa a Najeriya, wadda a Nijar ake rubuta ta ƴ: idan ka umarci shirin ya share alamomin rubutu kafin ƙirga, "'ya'ya" za ta koma "yaya".