Amsa ga 'yar'uwa kan allurar ƙyanda a sansani

'Yar'uwa, kin tambaya ko ɗanki da aka yi wa allurar ƙyanda yana wata tara zai sake karɓa idan ma'aikatan lafiya sun shigo sansaninku. Ki kai shi, don Allah. Allurar farko ba ta kama kowane yaro, ta biyun ce ke cike giɓin, kuma maimaitawa ba ta cutarwa.

A Janairun 2017 haka aka yi a Borno, Yobe da Adamawa: yara sama da miliyan 4, daga wata 6 zuwa shekara 10, aka nufa. Inda yara ke kwana tabarma ɗaya ga yunwa, tari ɗaya ya isa baƙon dauro ya bazu, har ya makantar ko ya kashe.

Ki riƙe katinsa. Idan jikinsa ya ɗan yi zafi bayan mako guda, zai wuce.